Tsaunin Mambila da Gandun Gashaka-Gumti: Me Ya Hana Yawon Buɗe Ido Kankama?

Da wuya a tashi maganar yawon buɗe ido a Najeriya a kammala ba a ambaci tsaunin Mambila da gandun dajin Gashaka-Gumti ba, wurare biyu da suke maƙwabtaka a gabashin Jihar Taraba, daf da iyakar Kamaru. Hotunansu sun cika kafafen sada zumunta: tuddai lulluɓe da ciyawa kore shar, garkunan shanu suna kiwo cikin hazo, da gonakin shayi jere a gefen tudu. Amma idan aka dubi yawan mutanen da suke tasowa takanas daga Kano ko Abuja ko Legas domin su ga wurin da idonsu, sai a tarar ba su taka kara sun karya ba. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne rashin manyan otal-otal da rashin talla. A ganina wannan bayani bai taɓo tushen matsalar ba, domin kyan da ake tallatawa ya rataya ne a kan ƙasa da ciyawa da kurmi waɗanda dubban mutane suke rayuwa a kansu, suna kuma jayayya a kansu, kuma har yau ba a tsara hanyar da zuwan baƙo zai zama riba ga waɗannan mutane ba.

Yana da kyau a fara raba wuraren biyu, domin da yawa suna ɗaukar su abu guda. Mambila tudu ne mai faɗin kai, wanda tsayinsa a matsakaici ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, kuma shi ne mafi tsayi a cikin irinsa a Najeriya. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna mai hedikwata a Gembu, kuma ƙasa ce ta jama'a, mai garuruwa irin su Nguroje da Maisamari da Kakara da Mayo Ndaga da Dorofi, mai kasuwanni da gonaki da rugage. Gashaka-Gumti kuwa gandun daji ne na Gwamnatin Tarayya, wanda aka kafa a 1991 ta hanyar haɗe tsofaffin gandaye biyu, na Gashaka da na Gumti. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, abin da ya sa ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya. Sashensa na arewa, wato Gumti, wanda ya kutsa cikin Jihar Adamawa, daji ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, yayin da sashen kudu, wato Gashaka, ya cika da duwatsu da kwaruruka da kurmi mai duhu. A can ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419, ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a ƙasar nan. Hedikwatar gandun tana Serti, a ƙasan tsauni, a kan hanyar da za ta kai mutum Gembu. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya, domin dokar da take aiki a cikin gandu daban take da wadda take aiki a kan tudu, kuma masu iko da wuraren biyu ma daban suke.

Sanyin da ya yi wa Mambila suna ya samo asali ne daga tsayinsa. Iska tana rage zafi da kimanin digo 6 a ma'aunin Salshiyas duk lokacin da aka hau mita 1,000, saboda haka wanda ya baro Jalingo ya hau tudun zai iya samun ragin kusan digo 8. Zafin rana ba kasafai yake wuce digo 25 ba, da dare kuma, musamman a watannin Disamba da Janairu, sai da bargo mai kauri. Iskar damina mai ɗauke da danshi idan ta ci karo da tsaunin sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwa mai yawa, har abin da ke sauka a shekara ya kan haura milimita 1,800. Daga wannan ruwa ne kogin Donga da kogin Taraba suke samun tushensu kafin su gangara su zuba a Binuwai. Sanyin ya kuma hana ƙudan tsando zama, wato babu fargabar sammore, kuma wannan ne ya mai da tudun wurin kiwo da babu kamarsa a yankin.

Kafin a kai ga duk wannan sai an bi hanya, kuma a nan ne wahalar farko take. Mai zuwa ta jirgin sama yakan sauka ne a Jalingo. Daga nan sai a kama titi ta Garba Chede da Bali da Serti har zuwa Mayo Selbe, tafiyar da takan cinye mafi yawan yini. A Mayo Selbe ne hawan yake farawa. Titin yana nannaɗe gefen dutse, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun, kuma direbobi sun raɗa wa wuraren da suka fi wuya sunaye irin su Hawan Biyu da Sisi da Kwanan Duram. Manyan motoci masu ɗauke da siminti da man fetur suna hawa da giyar farko, yaran mota suna biye da su a ƙasa riƙe da waigi ko dutse domin su tare taya idan injin ya gaza, masu saukowa da katako da shanu kuma suna tafiya a kan burki, ƙaurinsa yana tashi. Fasinjan da ya shiga mota yana gumi a Serti zai ji kunnuwansa suna toshewa, ya ga an fara ɗaga gilashi, kafin a kai Maisamari ya nemi rigar sanyi. Wannan hawa shi kansa abin kallo ne, kuma ga mutane da yawa shi ne abin da ba sa mantawa da shi a tafiyar. Sai dai shi ne kaɗai babban titin da ya haɗa tudun da sauran jihar, saboda haka idan ƙasa ta zaftare da damina, ko gada ta karye, ko tirela ta faɗi a kwana, komai sai ya tsaya, daga marar lafiyar da za a kai asibiti har zuwa baƙon da jirginsa yake jiransa a Jalingo. Da an sauka daga kwalta a kan tudun kuwa, sai a koma ga babura da tsofaffin motocin Land Rover, waɗanda makanikan yankin suka ƙware wajen raya su shekara da shekaru.

Akwai wani saɓani na lokaci da masu talla ba sa son faɗa. Koren da ake gani a hotuna na damina ne, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma a daidai wannan lokaci ne hanyoyin karkara suke zama taɓo, rafuka su cika, hawan dutse ya zama kasada. Da rani, daga Disamba zuwa Maris, hanya tana kyau kuma tafiyar ƙafa tana daɗi, amma ciyawa ta bushe, an cinna wa tuddai da yawa wuta, ƙurar hunturu kuma takan rufe nesa. Wanda yake son ya haɗa kore da hanya mai biyuwa yana da ɗan gajeren lokaci a ƙarshen damina, wajen Nuwamba. Baƙon da ba a yi masa wannan bayani ba, ya zo a Fabrairu yana tsammanin abin da ya gani a waya, zai koma yana ganin an yaudare shi, kuma irin wannan baƙo ba ya dawowa, ba ya kuma turo wani.

Abu na gaba shi ne wanda na fi ganin ana kuskuren fahimta. Baƙo yana kallon shimfiɗaɗɗiyar ciyawar Mambila a matsayin halittar da hannun mutum bai taɓa ba, alhali kuwa kamanninta na yau aikin shanu ne da wuta. Manoman Mambila sun daɗe a tudun suna noma a kwaruruka da gefen tuddai, makiyaya Fulani kuma sun shigo da garkunansu da yawa tun daga wajen shekarun 1940. Kiwon da ba ya yankewa, da ƙonan da ake yi kowace shekara domin sabuwar ciyawa ta tsiro, su ne suke hana itatuwa tashi. Kurmin asali na kan tsauni, mai dogayen itatuwa lulluɓe da gansakuka, ya ja da baya, sai a bakin rafuka da gangaren da shanu ba sa iya sauka. Itatuwan da suka kewaye Gembu da Nguroje, waɗanda baƙi suke ɗauka a matsayin daji, mafi yawansu itacen turare ne, wanda mutanen yankin suke kira zaiti, ɗan asalin Ostireliya da aka dasa domin katako da itacen girki. Ya amfani jama'a ƙwarai, domin da shi ake rufin ɗaki, kuma sayar da shi yana biyan kuɗin makarantar yara da yawa. Amma ba ya ba biri ko tsuntsu abinci kamar yadda kurmin asali yake bayarwa, kuma an daɗe ana kokawa cewa idan aka dasa shi a bakin maɓuɓɓuga yakan tsotse ruwanta.

Wanda yake son ya ga yadda kurmin asali yake, sai ya je Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, ba nisa da babban titi. An keɓe wurin a 1969, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 46, amma kurmi na haƙiƙa a cikinsa bai wuce kimanin murabba'in kilomita 7 ba, sauran duk ciyawa ce. Tun farkon shekarun 2000 Hazel Chapman, malama a Jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyu Zilan, wadda mahaifinta ya yi aikin binciken dazuzzukan yankin a shekarun 1970, ta kafa tashar bincike a bakin kurmin, inda ɗalibai daga jami'o'in Najeriya da na waje suke aiki tare da matasan Yelwa da aka horar. Idan mutum ya tsaya a bakin wannan kurmi zai ga iyakarsa a fili kamar an yanka da wuƙa: a nan ciyawa gajera da kofaton shanu ya tattake, taku kaɗan gaba kuma inuwa mai sanyi da ganye mai danshi a ƙasa. Kowace shekara wuta tana lasar bakin kurmin tana kashe ƙananan itatuwa, shanu kuma suna shiga neman inuwa da ruwa suna tattake abin da ya tsira. A wuraren da aka kewaye da shinge aka kuma yi sharar wuta, wato aka share layi domin kada gobara ta tsallaka, itatuwa suna sake tsirowa a hankali, domin tsuntsaye da birai suna kai 'ya'yan itace can su yar da ƙwallayensu. Wannan yana nuna cewa kurmin zai iya dawowa, amma kowane taku da ya ƙara, makiyayi ne ya rasa wurin kiwo, kuma babu adalci a yi kamar ba a san da haka ba.

A cikin Gashaka-Gumti lamarin ya sha bamban, domin a can kurmin yana da faɗi kuma namun daji suna nan. Akwai ɓauna da gwanki da mazo da gadu da damisa, akwai dorina a kogin Mayo Kam, akwai birai iri-iri, an kuma ƙirga tsuntsaye fiye da nau'i 500. Abin da ya fi jawo hankalin duniya shi ne babban birin nan, wato chimpanzee, da mutanen yankin suke kira biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa sautin yana kai wa nesa. Nau'in da ke nan ba a samunsa ko'ina sai a Najeriya da Kamaru, shi ne mafi ƙaranci a cikin danginsa, kuma Gashaka tana cikin manyan mafakarsa da suka rage. A shekarar 2000 Volker Sommer na wata jami'a a Landan ya kafa aikin bincike a Kwano, tsakiyar kurmin, kuma daga abin da masu binciken suka gano akwai yadda waɗannan birai suke gyara tsinke su zura a amya ko kogon itace su lakato zuma, ko su tsoma shi cikin rundunar kwarkwasa su ɗebo su ci. Amma ya kamata mai niyyar zuwa ya sani cewa biran ba su saba da mutane ba. Mai yiwuwa ne ya yi kwanaki yana tafiya bai sa su a ido ba, iyakarsa ya ga gadajen ganye da suka saƙa a kan itace suka kwana, ya tsinci tsinkayen da suka yar, ya ji gangarsu da asuba daga wani kwari. Ga mai son daji wannan ya isa lada, amma ga wanda ya saba da Yankari, inda ake zagayawa a mota a kuma yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, abin zai zo masa da mamaki. Yawon Gashaka na ƙafa ne. Ko kangon sansanin da Jamusawa suka gina a kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka, sai an taka kafin a gan shi. Hawan Chappal Waddi kuwa aikin kwanaki ne, da ɗan jagora da 'yan dako da tanti da abinci, ko an bi ta cikin gandun ko an ɓullo ta ɓangaren Nguroje.

Irin wannan yawo ba ya buƙatar otal mai hawa biyar. Yana buƙatar mutanen da suka san daji, da tabbacin cewa dajin zai kasance a wurin baɗi, kuma wannan tabbaci ya yi rauni ƙwarai a shekarun 2010. A lokacin ne kasuwar Sin ta buɗe baki ga katakon madobiya, Taraba ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren saransa, kuma da itacen ya ƙare a dazuzzukan waje sai masu sara suka fara kutsawa cikin gandu. A 2016 aka sanya madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya, amma kafin nan an yi ɓarna mai yawa. Ga kuma masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, da mafarauta masu kai nama kasuwa, da garkunan da ake shigarwa da rani. Jami'an tsaron gandun, waɗanda ba su da isassun motoci ko makamai, sun rasa abokan aikinsu a irin waɗannan arangama. A 2017 Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da gidauniyar Africa Nature Investors, wadda 'yan Najeriya suka kafa, domin a gudanar da gandun tare, kuma tun daga nan an ɗauki sababbin jami'ai daga ƙauyukan yankin an horar da su, an ƙara sintiri. Ɗaukar 'yan gida aiki shi ne abin da na fi yabawa a wannan tsari, domin albashin da ya shiga gidan tsohon mafarauci ya fi kowace lacca tasiri.

Gandun kansa ba kango ba ne. Tun lokacin da aka shata shi an bar wasu yankuna a cikinsa, irin su Filinga da Gumti da Chappal Hendu, inda aka yarda manoma da makiyaya su ci gaba da zama. Mutanen waɗannan wurare suna da nisa da asibiti da makaranta da kasuwa, gwaggon biri da gadu suna yi musu ɓarna a gona, doka kuma ta hana su farauta. Idan baƙo ya biya kuɗin shiga a Serti, ya wuce ta gaban ƙofarsu, bai sayi ko ƙwai a hannunsu ba, to a idonsu gandun asara ce tsagwaronta. Ƙasar Ruwanda ta fuskanci irin wannan matsala a kurmin tsaunukanta, inda ake zuwa kallon gorila. A 2005 ta fara ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar gandayenta domin ayyukan ƙauyukan da ke kewaye, a 2017 ta ɗaga shi zuwa kashi 10, a shekarar da ta mai da kuɗin izinin ganin gorila dala 1,500. Ba za a iya kwafo wannan farashi zuwa Gashaka ba, domin biranmu ba su saba da mutane ba kuma hanyarmu ba ta kai tasu ba. Abin ɗauka shi ne ƙa'idar: a rubuta kason, a sanar da shi, kowa ya san ajin makarantar nan ko rijiyar can daga kuɗin baƙi suka fito.

A kan tudun Mambila kuwa batun ƙasa ya fi haka zafi, kuma yana da tarihi. Yankin ya kasance ƙarƙashin Jamusawa, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila a matsayin ƙasar amana, sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila suka zaɓi shiga Najeriya, aka kuma sanya wa lardin sunan Sardauna domin girmama Sir Ahmadu Bello. A yau Mambila da Fulani da Kaka da Panso da Kambu da Hausawa 'yan kasuwa duk suna zaune a wurin, Fulatanci da Hausa kuma su ne harsunan kasuwa. Yayin da jama'a suka ƙaru, shanu suka ƙaru, masu hali daga ciki da wajen jihar suka kewaye manyan filaye da waya, sai gonaki da wuraren kiwo suka matsu, kowane ɓangare yana ganin shi aka tauye. Rikicin da ya ɓarke tsakanin manoma da makiyaya a watan Yunin 2017, wanda ya ci rayuka da dukiya mai yawa, ya bar tabo da bai gama warkewa ba. A daidai wannan lokaci kuma rikicin yankin masu magana da Ingilishi a Kamaru ya koro 'yan gudun hijira zuwa garuruwan kan iyaka. Duk wanda zai zo da shirin killace wani tudu domin gina wurin shaƙatawa, ya sani cewa tudun yana da mai shi, wataƙila ma mutum biyu ne suke da'awarsa, kuma aikin da aka fara ba tare da yardarsu ba zai ƙara wa wutar itace ne. Labarin tashin hankali guda ɗaya kuma yakan kori baƙi na shekaru, ko da ƙura ta daɗe da lafawa.

Wannan ne ya sa nake ɗari-ɗari da manyan alkawura. Mutanen Mambila sun san su sarai, domin shekaru da dama ke nan ana yi musu albishir da madatsar ruwa mai samar da lantarki. A 2017 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kwangilar kimanin dala biliyan 5.8 domin tashar megawat 3,050, sai rigimar kwangila ta kai ga zaman sasanci a birnin Faris, kuma har yanzu ba a ga madatsar ba. Obudu a Jihar Kuros Riba, wanda shi ma tudu ne mai sanyi a jerin tsaunukan kan iyakar, ya ba da darasi ta wata fuskar. A zamanin Gwamna Donald Duke an zuba kuɗi masu yawa a wurin, a 2005 aka ƙaddamar da keken igiya mai ɗaukar mutane ta sama na tsawon kimanin kilomita 4, aka kuma fara gasar tseren hawan dutse da ta jawo 'yan gudu daga ƙasashen waje. Da gwamnatoci suka canja, kulawa ta ragu, keken ya sha tsayawa na dogon lokaci, baƙi suka ja baya. Abin da ya dogara kacokan ga sha'awar gwamna ɗaya da kayan gyaran da sai an yi odarsu daga Turai, ransa gajere ne. A gefe guda kuma ga gonar shayi ta Kakara, wadda aka fara dasawa tun shekarun 1970, mai fitar da shayin Highland, da ƙaramar tashar lantarki ta Tunga mai ƙarfin kilowat 400 da take ba masana'antar wuta. Ita ma ta sha faɗi-tashi, amma tana nan, tana ba mutane aiki, kuma ba tare da an gina ta domin baƙi ba ta zama wurin da kusan kowane baƙo yake tsayawa ya kalli masu tsinkar ganye da kwanduna a bayansu.

Sai tambayar wane baƙo ake jira. Tsare-tsaren gwamnati sun fi karkata ga Bature mai dala, alhali shi ne wanda gargaɗin ofishin jakadancinsa yake saurin hanawa. Baƙon da ya fi kusa shi ne na gida: iyalin da suke neman tsira daga zafin Maris da Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri suke haura digo 40, ɗaliban jami'a masu nazarin tsirrai da ƙasa, matasa masu sha'awar hawan dutse, da ma'aikatan da suka samu hutun Sallah ko na ƙarshen shekara. Ga mai jin Hausa musamman, Mambila ba ta da wahalar zama, domin zai yi ciniki da harshensa, ya sami masallaci a kowane gari, ya ci naman da bai yi shakkarsa ba, ya sha kindirmo, ya sayi zuma da fiya da ayaba da dankalin turawa a farashin da ba zai samu a birni ba. Irin wannan baƙo ba ya kashe kuɗi mai yawa a rana guda, amma abin da ya kashe yana shiga hannun mai masauki da ɗan acaɓa da mai shayi da mai tallar nono kai tsaye, kuma ba ya fasa tafiya domin wata jarida a ƙasar waje ta yi rubutu.

Abin da yake buƙata kaɗan ne idan aka gwada da madatsa ko keken igiya. Yana son titin Bali zuwa Gembu ya kasance ana gyara shi kafin damina, da katangar kariya a kwanonin hawan. Yana son ya san kafin ya baro gida nawa ne kuɗin shiga gandu, nawa ne na ɗan jagora, nawa ne na ɗan dako, a rubuce, domin kada a tsaya ciniki a bakin daji. Yana son 'yan jagora masu rajista waɗanda ƙaramar hukuma da sarakunan yankin suka san da su, daga kowace ƙabila, domin wanda zai ratsa ruga da gona a yini guda yana buƙatar mai yi masa iso a duka biyun. Shi ma baƙon akwai abin da ya hau kansa: ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum ko garke, ya kwashe ledarsa da robarsa, kada ya sayi naman daji ko ɗan biri, kada ya kunna wuta a ciyawa da rani.

Abin da ya fi wuya shi ne rabon kuɗin. Gandun na Tarayya ne, Ngel Nyaki na jiha ne, titin na Tarayya ne, filayen tudun kuma suna tsakanin ƙaramar hukuma da sarakuna da masu takardun mallaka, saboda haka babu ofishi ɗaya da zai iya cewa kaza daga kuɗin baƙo na mutanen Yelwa ne, kaza na Filinga. Sai waɗannan hukumomi sun zauna da Lamiɗon Gashaka da masarautar Mambila da shugabannin makiyaya da na manoma sun amince da kaso, sun kuma amince da wanda zai riƙe asusun da yadda za a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Wuri mafi sauƙin gwada wannan shi ne Ngel Nyaki, domin ƙarami ne, yana kusa da titi, akwai matasan da suka riga suka san kowane itace a cikinsa, kuma makiyayan da shingen ya shafa sanannu ne, ana iya kiran su da sunayensu a zauna da su.